DARASIN ZUMUNTA: ABIN DA CIKIN BIRI YA KOYA MANA GAME DA AWON CIKI

An shirya wannan darasi domin zumuntar mata, da zumuntar maza, da ajin masu shirin aure. Ana iya gama shi a zama ɗaya, ana kuma iya raba shi biyu. Muna roƙon mai jagora ya karanta shi tukuna a gida, ya kuma gayyato ungozoma ko ma'aikacin lafiya na ƙauye domin amsa tambayoyi.

Wuraren karatu: Ayuba 12:7-10, Mai Wa'azi 11:5, Zabura 139:13-16, Farawa 25:21-26.

MANUFAR DARASI

1. Mu gane yadda na'urar hoton ciki take aiki, wadda a asibiti ake ce wa sikanin.
2. Mu ga abin da masana suka gano da suka yi ta auna 'ya'yan birai tun suna cikin uwayensu.
3. Mu san dalilin da ya sa ake cewa mace ta je awo da wuri, ta kuma riƙa komawa.
4. Mu yanke shawarar abin da ikilisiyarmu za ta yi a kai.

GABATARWA

Wanda yake da gona a gindin dutse ba ya son jin sunan biri. Mun san shi da ɓarnar masara da tonon gyaɗa, yaranmu kuma sun sha rana wajen korarsa. Saboda haka wani zai ce, ina ruwan ikilisiya da cikin biri? Amsar tana cikin littafin Ayuba sura 12, inda Ayuba ya tura abokansa su je su ɗauki karatu wurin dabbobi da tsuntsaye da kifaye, domin dukansu aikin hannun Ubangiji ne.

Bari mu kawar da wata damuwa tun da fari. Darasin nan bai ce mutum da biri ɗaya suke ba. Littafin Farawa ya koya mana mutum ne aka yi cikin siffar Allah. Amma Mahalicci ɗaya ne ya gina jikunan duka biyu, kuma wajen ɗaukar ciki, jikin wasu birai ya yi kusa da namu fiye da na akuya ko saniya. Hausawa sukan ce biri ya yi kama da mutum. A wannan fanni maganar ta zauna daidai.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance babba ne. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta, a shekarar 2023 mata kusan 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Wannan ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya gaba ɗaya. Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta taɓa binne irin waɗannan mata ba. Da yawa daga cikin abubuwan da suke kashe su ana iya hango su tun da sauran lokaci.

YADDA NA'URAR TAKE GANI

Idan ka tsaya gaban babban dutse ka yi kira, muryarka takan dawo maka. Wannan ita ce amsa-kuwa. In dutsen yana kusa, muryar takan dawo nan da nan. In yana nesa, takan ɗan jima. Da haka jemage yake samun hanyarsa cikin duhu: yana fitar da wata siririyar ƙara wadda kunnenmu ba ya ji, yana sauraron dawowarta, sai ya san inda bango yake da inda ƙwaro yake.

Na'urar hoton ciki haka take yi. Kunnen mutum ba ya jin ƙarar da ta wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na'urar tana aika wadda take kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Ƙarar tana ratsa naman jiki da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, ta bugi abin da yake ciki, ta dawo. Sai na'urar ta lissafta lokacin dawowar, ta zana hoto a kan allo mai kama da talabijin. Ƙashi yakan fito fari domin yana mayar da ƙara sosai. Ruwa yakan fito baƙi domin ƙarar tana wucewa ta cikinsa. Mai sanyin nan mai yauƙi da ake shafawa a ciki ba magani ba ne, aikinsa kawai ya kori iska tsakanin fata da kan na'urar, domin iska tana tare ƙarar.

A lura, wannan dabam yake da hoton ƙashi da ake ɗauka idan mutum ya karye. Hoton ƙashi yana amfani da wani haske mai ƙarfi wanda ake kiyaye masu ciki daga gare shi. Hoton ciki kuwa ƙara ce kawai. Ba a huda jiki, ba a kuma sa wuta a ciki.

Wani likitan mata mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, shi ne ya buɗe wannan hanya tare da wani injiniya mai suna Tom Brown. Sun fara ne da na'urar da ma'aikatu suke neman tsaga a cikin ƙarfe da ita. A shekarar 1958 suka buga sakamakon aikinsu, daga nan abin ya bazu cikin duniya.

ME YA SA BIRAI?

Akwai tambayoyin da ba za a iya gwada su a jikin mace ba. Ba mai tsoron Allah da zai rage wa mai ciki abinci da gangan, ko ya sa mata ƙwayar cuta, domin ya ga abin da zai sami ɗanta. Saboda haka a shekarun 1960 gwamnatin Amurka ta kafa cibiyoyi na kiwon birai domin binciken lafiya. Ɗaya daga cikinsu tana garin Davis a jihar Kalifoniya, an kafa ta a 1962.

Birin da aka fi aiki da shi ana kiransa resus. Asalinsa daga Asiya ne, ƙasashe irin su Indiya da Sin. Ga inda ya yi kama da mu:

• Macen tana ganin al'ada kusan kowane kwana 28.
• Mahaifarta ɗaki ɗaya ce kamar ta mace. Ta akuya da ta saniya masu rassa biyu ne.
• Yawanci ɗa ɗaya take haifa.
• Mabiyiyarta tana ciyar da ɗan tayi ta hanya irin ta mutum.

Bambancin shi ne, cikinta kwana 165 ne, wato kimanin wata biyar da rabi, jaririn kuma yakan zo da nauyin kusan rabin kilo. Na mace kuwa ana lissafa masa kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe.

Kafin zuwan na'urar, masu kiwon biran suna da irin matsalar da unguwanninmu suke da ita. Sai dai su lalluba cikin da hannu, ko su gwada fitsari. Ga kuma wani abin ruɗarwa: macen resus takan ga ɗan jini makonni kaɗan bayan ta ɗauki ciki, har a zaci al'ada ce. Wasu matanmu ma sukan ga irin wannan ɗigon jini a farkon ciki, shi ya sa lissafin watanni yakan rikice musu.

YADDA AKA AUNA 'YA'YAN BIRAI

A cibiyar Kalifoniya, wasu masana biyu, Alice Tarantal da Andrew Hendrickx, sun buga binciken da suka yi a kan wannan a shekarar 1988. Dabararsu mai sauƙin ganewa ce.

Da fari, ana haɗa namiji da mace na ɗan gajeren lokaci, sa'an nan a raba su. Ta haka an san ranar da ciki ya shiga, babu kintace. Bayan haka sai a riƙa kawo uwar lokaci lokaci, a yi mata allurar barci mai sauƙi domin ta kwanta shiru, a aske gashin cikinta, a shafa mai, a ɗora na'urar.

Cikin mako na uku sai ga wata 'yar jaka baƙa ta bayyana a mahaifa. Kafin wata guda ya cika, ana ganin zuciya tana bugawa, alhali ɗan tayin bai wuce ƙwayar hatsi ba. Daga nan sai awo. A farkon ciki ana auna tsawonsa daga kai zuwa gindi. Idan ya girma ya naɗe jikinsa, sai a koma ga sassa uku: faɗin kai da kewayensa, kewayen tumbi, da tsawon ƙashin cinya.

Da aka yi wa birai masu yawa haka, aka rubuta awon kowane mako, sai aka sami jadawali. Jadawalin nan yana aiki ta hanya biyu. Idan aka kawo wata biranya daga cikin garke wadda ba a san ranar da ta ɗauki ciki ba, sai a auna ɗan, a duba jadawali, a faɗi kwanakin cikin. Idan kuwa an san kwanakin, sai a auna ɗan a ga ko girmansa ya kai inda ya kamata.

Irin wannan jadawali ne yake cikin na'urar asibiti, sai dai na mutane ne, an haɗa shi daga awon mata. A shekarar 2014 wani babban bincike da Jami'ar Oksfod ta jagoranta a ƙasashe takwas, ciki har da Kenya da Indiya da Burazil, ya nuna cewa idan uwaye suna da lafiya, suna cin abinci mai kyau, suna samun kulawa, 'ya'yansu suna girma kusan daidai a ciki, ko baƙaƙe ne ko farare. Ashe yawan ƙananan jarirai a ƙauyukanmu ba halittarmu ba ce. Akasari yunwa ce da cuta da wahala.

ABU NA FARI: AWON FARKO SHI YA FI FAƊIN GASKIYA

A birai da mutane duka, 'ya'ya suna fara girma da tafiya ɗaya. Sai ciki ya yi nisa kowane yake ɗaukar nasa hali, wani babba wani ƙarami. Manomi ya san wannan. Kwana goma bayan shuka, kana duban masara ka faɗi ranar da aka shuka ta. Amma bayan wata biyu, gajeriyar masara tana iya zama ta baya ce, tana kuma iya zama ta fari ce wadda ba ta sami taki ba. Ido ba zai raba maka ba.

Haka yake da ciki. Hoton da aka ɗauka cikin wata uku na fari yakan faɗi kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako ɗaya ba. Wanda aka ɗauka a watannin ƙarshe yana iya kuskure da mako uku. Mako uku ba wasa ba ne. Shi ne zai sa likita ya san ko naƙudar da ta taso ta bakwaini ce, ko kuwa ciki ya wuce lokacinsa har mabiyiya ta fara gajiya. Saboda haka tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki ta sami hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24, wato kafin ta shiga wata na shida sosai, ta kuma fara zuwa awo cikin mako 12 na fari.

A nan al'adarmu take yi mana tarnaƙi. Amarya tana jin kunyar cikin fari. Wata tana ɓoye ciki domin tsoron bakin mutane ko masu mugunta. Wata kuma tana jira sai ciki ya fito, kada a ce ta cika zumuɗi. Kunya ado ce, amma ma'aikaciyar lafiya ba kasuwa ba ce, aikinta ne ta riƙe asiri. Mu kuwa masu bi, ba mu zaune ƙarƙashin tsoron maita.

ABU NA BIYU: AWO ƊAYA BA YA NUNA GIRMA

Masanan ba su auna biri sau ɗaya suka tafi ba. Girma tafiya ce, sai an duba jiya da yau ake sanin ko ana gaba.

Ga misali. A shekarar 2015 aka fara haifar jarirai masu ƙananan kawuna da yawa a ƙasar Burazil. Aka zargi wata cuta mai suna Zika wadda sauro yake yaɗawa. An fara gano ƙwayarta ne a 1947 a dajin Zika na ƙasar Yuganda, a jikin wani birin resus da masu bincike suka ajiye a can. A 2016 masana a birnin Siyatil na Amurka suka sa wa wata biranya mai ciki ƙwayar, suka riƙa duba ɗanta kowane mako. Uwar ba ta nuna wata alamar ciwo ba. Amma awo ya nuna girman kan ɗan ya fara ja da baya, da aka bincika kuma aka tarar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A 2018, da cibiyoyi da dama suka haɗa sakamakonsu, sai aka ga kashi 26 cikin 100 na biran da suka kamu a farkon ciki sun yi ɓari ko sun haifi ɗa ba rai, yawancinsu kuwa ba su nuna ciwo ba.

Darasin a fili yake: uwa tana iya jin garau, tana daka, tana zuwa rafi, ɗanta kuwa yana shan wahala a ciki. A wurinmu babban mai yin wannan ɓarna shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyinsa sukan taru a mabiyiya su rage abincin da yake isa ga ɗa, ko da uwar ba ta jin zafin jiki. Hawan jini ma haka yake shigowa shiru.

Shi ya sa shawarar 2016 ta ce mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin haihuwa. Ba kowane zuwa ake ɗaukar hoto ba. Ungozomar asibiti tana da tef irin na tela, tana auna tudun ciki daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Daga wajen mako 24, yawan santimita yakan yi kusa da yawan makonni. Idan ta ga awon ya tsaya, ko ya zarce ƙima, sai ta tura a ɗauki hoto. Amma ba za ta gane ya tsaya ba in ba ta da awon watan jiya a kati.

ABU NA UKU: ABINCIN UWA YANA BAYYANA A ALLO

A wata cibiyar birai da take jihar Oregon ta Amurka, an raba birai kashi biyu. Kashi ɗaya suna cin abincinsu na kullum. Ɗaya kashin an rage musu rabin sinadarin gina jiki, irin wanda muke samu a wake da ƙwai da nama, amma ba a bar su da yunwa ba, ciki yana cika. An buga sakamakon a 2018. Na'urar ta nuna jinin da yake zuwa mabiyiya ya ragu a wurin waɗanda aka rage wa, kuma rabinsu sun rasa cikin. Biran da aka gwada kaɗan ne, duk da haka gargaɗin ya isa.

Mu lura da kalmar nan: ciki yana cika. Mace tana iya ƙoshi da tuwo safe da yamma, ɗanta kuwa bai sami abin gina jiki ba. Idan abinci ya kasa, jikin ɗan tayi yakan tura jini zuwa ƙwaƙwalwa ya hana sauran gaɓoɓi. Shi ya sa a hoto akan ga kai yana girma, tumbi kuwa ya tsaya. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 ya fi saurin kamuwa da sanyi da cututtuka a kwanakinsa na fari.

Wasu suna hana mai ciki ƙwai, wasu kuma suna rage mata abinci wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan yana raunana uwa da ɗa gaba ɗaya. Wake, waken soya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, busasshen kifi, zogale da sauran ganye, yawancinsu daga gonakinmu suke fitowa. Maigida, kafin ka kai buhun wake kasuwa, ka tuna da wadda take ci domin mutum biyu.

NA'URAR TANA CUTAR DA ƊA?

Wannan tambaya tana zukatan mutane da yawa, kuma an gwada ta a birai. Masanan Kalifoniya sun riƙa ɗora wa wasu birai na'urar sau da yawa a kowane mako a farkon ciki, suka ci gaba har kusan haihuwa, abin da ba a yi wa mace. Ba ta jawo nakasa ba. An dai ga 'ya'yan sun ɗan fi sauran rashin nauyi a lokacin haihuwa. A wajen mutane kuwa, an yi fiye da shekara 50 ana amfani da ita ga miliyoyin mata, ba a kuma tabbatar da wata illa ba idan wanda ya koyi aikin ne ya yi, bisa ga buƙata. Saboda haka kada a ji tsoronta, kada kuma a mai da ita abin wasa. Ba a ɗaukar hoto kowane mako domin marmari.

ABIN DA TAKE GANI, DA ABIN DA BA TA IYAWA

A cikin Farawa 25, Rifkatu ta ji kokawa a cikinta har ta damu, ta je ta tambayi Ubangiji, aka sanar da ita biyu ne. Ba ta zauna da damuwarta shiru ba, ta nemi sani. Ga abubuwan da hoton ciki yake iya sanar da mu a yau:

• Ko akwai ciki, ko kuma yana zaune a mahaifa. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana iya fashewa ya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan.
• Ko zuciyar ɗa tana bugawa.
• Ko tagwaye ne.
• Ko mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, abin da yake kawo zubar jini mai tsanani.
• Ko ɗa yana gicciye ko a zaune a watan ƙarshe.
• Ko ruwan da yake kwance a ciki ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Amma na'urar ba ta warkarwa. An yi wani babban gwaji a karkarar ƙasashe biyar, wato Kwango, Kenya, Zambiya, Pakistan da Gwatamala, aka buga sakamakonsa a 2018. An kai na'urori ƙananan asibitoci, aka duba dubban mata. Duk da haka mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba. Gani kaɗai bai isa ba. Idan an ce wa mace mabiyiya ta tare hanya, sa'an nan ba kuɗin mota, ba jini a asibiti, ko maigida ya ce a jira tukuna, to hoton ya zama takarda kawai.

Wani abu kuma, mutane da yawa suna zuwa ne domin su ji ko namiji ne ko mace. A ƙasar Indiya wannan ya kai ga zubar da cikin 'ya'ya mata, har gwamnati ta kafa doka a 1994 ta hana faɗin jinsin ɗa kafin haihuwa. Kada irin wannan zuciya ta sami wuri a cikinmu. Zabura 139 ba ta ware namiji daga mace ba sa'ad da take zancen yadda Allah yake harhaɗa mutum a ɓoye. Tambayar da ta fi ita ce: yana girma daidai? Yana kwance daidai? A ina ya kamata in haihu?

Mai Wa'azi ya tuna mana cewa yadda ƙasusuwa suke ƙulluwa a cikin mai juna biyu ya fi ƙarfin saninmu. Yau muna auna ƙashin cinya a allo, amma babu masanin da ya taɓa ƙara masa tsawo da ikonsa. Awo namu ne, rai na Ubangiji ne. Haka kuma mu tuna da biran da aka yi wannan bincike a jikinsu. Har a ƙasashen da ake yinsa ana muhawara a kan wahalar da suke sha, akwai kuma dokokin da suke tsare su. Karin Magana 12:10 ta ɗora wa adali nauyin kula da ran dabbarsa. Ilimin da aka samu da irin wannan tsada bai kamata mu yi sakaci da shi ba.

ALAMUN HAƊARI: KADA A JIRA RANAR AWO

A kai mai ciki asibiti nan take, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, fashewar faya kafin lokaci, ɗa ya rage motsi ko ya daina, naƙuda ta wuce sa'a 12.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A ƙauyenmu, a wata na nawa mata suka saba fara zuwa awo? Mene ne yake hana su zuwa da wuri?
2. Ina ne wuri mafi kusa da ake ɗaukar hoton ciki? Nawa ne kuɗin hoton da na mota?
3. Biran da suka kamu da Zika ba su nuna ciwo ba. Me wannan ya koya mana game da mai cewa, ai lafiyata ƙalau?
4. Waɗanne abinci ake hana masu ciki a wurinmu? Wa yake hanawa, don me?
5. Idan likita ya ce mace ta haihu a babban asibiti, wa yake yanke shawara a gidajenmu? Yaya surukai za su taimaka?
6. Neman sani game da ɗan da yake ciki rashin bangaskiya ne? A duba abin da Rifkatu ta yi.

ABIN DA ZA MU YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a tashi, bari ƙungiya ta zaɓi aƙalla biyu daga cikin waɗannan, a rubuta sunan wanda zai bi kowanne:

1. Zumuntar mata ta zaɓi dattijai mata biyu masu riƙe asiri, waɗanda amare za su iya gaya wa tun watan farko, su raka su awo.
2. A buɗe asusun gaggawa na masu ciki. Ko mudu ɗaya na hatsi daga kowane gida a lokacin kaka zai yi nisa. A ba da rance ba ruwa domin hoto da mota.
3. A yi magana da masu mota da masu babur na ƙauye tun yanzu, a san wanda za a tasa da dare.
4. Maza su raka matansu awo ko da sau ɗaya, su ji bayanin da kunnensu. Waɗanda suke da ƙoshin lafiya su san rukunin jininsu, su kasance a shirye su bayar.
5. Kowace mai ciki ta kwana cikin gidan sauro, ta sha maganin ƙarin jini kullum, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa a wurin awo daga wata na huɗu, da allurar rigakafin sandarewar jarirai.
6. A adana katin awo da takardar hoto cikin leda, a tafi da su duk inda za a haihu.
7. Wannan taimako kada ya tsaya ga 'yan ikilisiya kaɗai. Maƙwabciya maƙwabciya ce, ko wane addini take bi.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin kai ne mai ba da 'ya'ya, kai ne kuma mai ba mutane hikimar bincike. Ka kiyaye matanmu masu juna biyu da 'ya'yan da suke ɗauke da su. Ka ta'azantar da gidajen da suka yi rashi wajen haihuwa. Ka ba mazaje zuciyar kulawa, ka ba ma'aikatan lafiya haƙuri da gaskiya. Ka kawar mana da tsoro da jinkiri, ka sa mu aikata abin da muka koya yau. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.